Da keken ɗinki na je aikin mishan a Laberiya

Salama gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni tela ce, tun ina budurwa ɗinki nake yi, a Jos nake zaune da maigidana da yaranmu, kuma ina cikin zumuntar mata ta ikkilisiyarmu. An sha ce min in ba da shaidar tafiyar da muka yi ƙasar Laberiya a 2018 don taimaka ma wani gidan marayu, na bayar a coci amma kun san yadda ake yi, ɗan lokacin da ake ba mutum bayan baiko baya isa, kafin ka shiga tsakiyar zancen mai jagoran sujada ya fara duban agogo yana maka murmushi. To yau dai zan faɗe shi a tsanake, wanda ya gaji ya huta ya dawo.

Yadda abin ya faro, Baba Rabaran ɗinmu yana da aboki ɗan Laberiya da suka yi makarantar tauhidi tare a nan Jos, lokacin yaƙin ƙasarsu ne ya koro shi, don 'yan Laberiya da yawa sun yi gudun hijira zuwa Najeriya tun 1990, har sansani aka yi musu a Oru ta jihar Ogun. Bayan an yi sulhu a 2003 ya koma gida yana aikin fasto. Da annobar Ebola ta zo a 2014 sai yara suka taru a hannun ikkilisiyarsa, yayarsa wadda dama tana riƙe da 'yan yara tun lokacin yaƙi ita ce ta ɗauki nauyin. Da ya rubuto neman taimako abin da ya faɗa ya ba mutane dariya a coci, yace don Allah kada a turo masu wa'azi, suna da su har sun yi yawa, a turo kafinta saboda rufi na yoyo, a turo nas, a turo tela don za a koma makaranta a watan Satumba kuma yaran basu da yunifom. Ina jin an ce tela sai matan layinmu duk suka juyo suna kallona. Ni kuwa na sunkuyar da kai na yi ta buɗe Littafi Mai Tsarki ina rufewa, don ko Legas ban taɓa zuwa ba balle wata ƙasa.

A gida kuma aka sha fama. Maigida bai hana ba, yace in Ubangiji ne ya kira ni shi wanene, amma surukata ta tsaya tsayin daka, tace ƙasar Ebola za ki? Kuma ban ga laifinta ba, duk mun tuna watan Yuli na 2014 da Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya da ciwon a jikinsa, da yadda Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita asibiti ta ceci ƙasa ita kuma ta rasa ranta a watan Agusta, da daren nan da aka yi ta buga waya wai a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a sha, mu ma a gidanmu an dafa ruwan, kuma har rayuka aka rasa a kan wannan jita-jitar. Nace Mama ai tun watan Mayu na 2015 aka sanar ƙasar ta rabu da cutar, 'yan ɓullowar da suka biyo baya ma an kashe su tun 2016, tace ita bata san wannan ba. Wanda ya sauko da ita babana ne, tsoho ne da baya yawan magana, yace mata shi a rediyon ELWA ya fara jin bishara da Hausa yana saurayi, kuma daga Monrobiya ake watso shirin, tashar da 'yan mishan na SIM suka buɗe a 1954. Yace ƙasar da ta aiko mana da Maganar Allah a akwatin rediyo, in mun aika mata da tela ɗaya ai bamu biya ba. Shikenan aka bar maganar.

Kuɗin jirgi kuma, hmm. Ikkilisiya ta ɗauki rabi, zumuntar mata suka ba ni kwasan adashi ba lokacina ba, na sayar da keken ɗinki ɗaya cikin na shagona. Wata gwauruwa mai sayar da ƙosai a bakin coci ta damƙa min kuɗi a ƙulle a bakin zane tace in sai ma yaran zare. Biza dai babu ruwanmu da ita tunda ƙasar ECOWAS ce, fasfo ne da katin rigakafin shawara mai launin rawaya. Muka bi motar dare zuwa Legas, jirgi ya yada zango a Akara, sannan muka sauka a filin jirgin Roberts, wanda ba a cikin Monrobiya yake ba, yana can gundumar Margibi, kuma dama a Margibin gidan marayun yake.

Ruwan sama na farko ya tarbe mu. Mu 'yan Jos muna ganin mun san ruwan Agusta, ashe wasa muke, can sai a wuni a kwana ana zuba ba ƙaƙƙautawa, Monrobiya na cikin manyan biranen duniya da suka fi samun ruwa, ya kan haura milimita 4,000 a shekara. Daga filin jirgi muka ratsa gonar roba ta kamfanin Firestone da ke nan tun 1926, itatuwa a jere iya ganinka, kowanne an tsaga bawonsa an ɗaura masa ɗan kofi farin ruwa na ɗiga. Muka wuce garin Kakata, daga nan kwalta ta ƙare sai jan laka, mota ta kafe aka sauke mu aka ɗora kan acaɓa, su penpen suke ce masa, ni a baya rungume da kan keken ɗinki a nannaɗe cikin leda ina ta kiran sunan Yesu.

Gidan ba wani babba bane, ɗakin kwanan maza, na mata, ɗakin girki na langa-langa, rijiya mai famfon hannu, sai ɗan zauren da ake addu'ar safe kuma a nan ake cin abinci. A bakin ƙofa akwai bokiti mai famfo da ruwan kulorin, tun na lokacin Ebola basu daina ba, kowa sai ya wanke hannu kafin ya shiga. Wutar lantarki babu, shi ya sa faston ya ce a zo da keke na ƙafa, guga kuma ta gawayi. Uwar gidan, yayar faston nan, kowa Ma yake ce mata, gajeriyar mace mai furfura, bata da yawan fara'a a farko. Muna sauka yara suka yo kanmu a guje, wannan ya riƙe zane wannan ya kama hannu wannan yana so a ɗauke shi, 'yan ƙanana har suna ture juna, ni kam hawaye ya zubo min nace kai wannan irin ƙauna.

Da dare bayan yara sun kwanta Ma ta zaunar da mu ta kafa mana dokoki, kuma bata sa zuma a bakinta ba. Tace kada wanda ya zaɓi yaro ɗaya ya mai da shi nasa, kada wanda ya ce ma yaro zan tafi da kai Najeriya ko zan dawo in baka da tabbas, kada a ba yaro kyauta a ɓoye, kada a ɗauki hoton yaro yana kuka ko da yagaggen kaya don a nuna a coci a tara kuɗi. Tace wannan rugowar da kuka ga sun yi, haka suke ma duk baƙon da ya sauka, Bature ko baƙar fata, yaron da ke da uwa a kusa in ya ga baƙo bayan uwarsa yake ɓuya, wanda ke rungumar kowa shi ne wanda ya saba a ɗauke shi a ajiye. Tace in kun tafi ni ce zan kwana da masu fitsarin kwance da masu ƙin cin abinci. Ɗaya daga cikin matasanmu ransa ya ɗan ɓaci, yace ashe mun zo ne a hana mu nuna ƙauna, nas ɗinmu tace masa ɗana yi shiru, matar nan ta fi mu sanin abin da take faɗa.

Washegari na kafa keke a baranda na fara awo. Akwai wata yarinya da bata wuce shekara tara ba, siririya, bata cikin masu rugowa, tana tsaye nesa tana kallo. Da layi ya zo kanta na sa tef a kafaɗarta ina rubutawa, sai ta riƙe bakin tef ɗin tace anti yaushe za ki tafi? Bata tambayi sunana ba, bata tambayi daga ina nake ba. Turancinsu ma da wuya, suna haɗiye ƙarshen kalma, sai da ta maimaita na gane. Na faɗa mata gaskiya, nace in an buɗe makaranta. Ta gyaɗa kai ta saki tef ɗin. Daga ranar kullum tana zuwa ta zauna a ƙasa kusa da keken tana tsince guntayen yadi, bata magana, in zare ya ƙare ta miƙo min, in na ajiye almakashi ta mayar da shi inda yake. Ni kuma ina tuna dokar Ma, sai in kira wasu yaran su ma su zo su riƙe min yadi don kada ta zama ita kaɗai.

Abinci kam shinkafa ce, safe in akwai, rana, dare. Ɗan Laberiya in bai ci shinkafa ba to a wurinsa bai ci abinci ba ranar, ko me ya ci. Miyar ganyen rogo da ake dakawa a turmi a dafa da manja da busasshen kifi, ko ganyen dankali, ga barkono ba tausayi. Akwai kuma dumboi, rogo ne dafaffe da ake kirɓawa, haɗiye shi ake ba a tauna. Na yi kewar tuwon masara da miyar kuka ba kaɗan ba. Kuɗinsu iri biyu ne suke tafiya tare, dalar Amurka da tasu dalar, a lokacin ɗaya ta Amurka sai a ba ka tasu sama da 100, sai ka ga mutum da damin kuɗi ashe na kifi ne. Masu kanti yawanci Fulanin Gini ne, kafintanmu ɗan Adamawa ne yana jin Fulatanci, ya je sayen ƙusa suka yi ta fama da juna, rabi suna ganewa rabi suna dariya, amma dai an rage masa kuɗi.

Abin da ya juya min tunani ranar wata Asabar ya faru. Ina ɗinki sai ga wata mata ta shigo da buhun gawayi a ka, ƙafarta duk laka, ta sauke a bakin ɗakin girki ta zauna a kan dutse. Sai wasu yara maza biyu suka fito suka tsaya a gabanta, bata rungume su ba, ta dai shafa kan ƙaramin tana duba ko akwai ƙyasbi, ta kwance bakin zane ta ba su ƙuli-ƙulin rogo da suke soyawa. Na tambayi mai girki wacece, tace uwarsu ce mana. Nace uwarsu kuma? Ba marayu bane? Tace ubansu ne Ebola ta kashe, ita gawayi take sayarwa, bata iya biyan kuɗin rajista da yunifom da takalmi, a nan kuwa suna cin abinci suna zuwa makaranta, shi ya sa ta kawo su, gawayin nan shi ne godiyarta.

Da na samu Ma da maganar sai ta ɗauko wani babban littafin rajista da bangonsa ya tsufa ta buɗe min. Kowane yaro da shafinsa, kuma kusan kowane shafi akwai wani nasa a raye, uwa ko kaka ko kawu ko yaya. Waɗanda basu da kowa sam 'yan kaɗan ne. Tace kuma ba gidanta kaɗai ba, kafin yaƙin da Charles Taylor ya fara a ƙarshen 1989 gidajen marayu a ƙasar basu fi goma ba, bayan yaƙi suka haura 100, wasu na Allah ne wasu kuwa kasuwa ce, a bi ƙauye a ce ma iyaye kawo yaro zai yi karatu kyauta, sai a jera su gaban baƙi a ce marayu ne a karɓi kuɗi, har wasu aka fitar da su waje iyayensu basu fahimci sun rabu kenan ba, abin da ya sa shugaba Ellen Johnson Sirleaf ta dakatar da ba Turawa riƙon yara a 2009. Daga baya na ga ƙungiyar Save the Children ma ta faɗa a rahotonta na 2009 cewa a duniya aƙalla huɗu cikin biyar na yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye. Ko a Ebolar ma, da ta kashe mutum sama da 11,000 a Gini da Saliyo da Laberiya, kusan 4,800 a Laberiya kaɗai, UNICEF ta ƙirga yara 16,600 da suka rasa uwa ko uba ko mai riƙonsu, amma waɗanda dangi da unguwa suka kasa ɗauka basu kai kashi 3 cikin 100 ba. Wato talakawan nan da kansu suka kwashe yaransu, ba mu masu zuwa da jirgi ba.

Ni wannan bai zo min baƙo ba don ni ma 'yar riƙo ce. Ina ƙarama mahaifiyata ta rasu, goggona ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma tare da 'ya'yanta, mun sha faɗa mun sha wahala, wani lokaci na ji bambanci, ba zan ɓoye ba, amma na san garinmu, na san kabarin uwata, ranar aurena na san wanda zai zauna a matsayin uba. Ai mu a wurinmu ɗa na kowa ne, abin kunya ne a ce ɗan ɗan'uwanka yana hannun bare kana raye. Su ma haka al'adarsu take, tsoron ciwon ne da talauci suka karya ta. Ma tace a 2014 yaro in iyayensa sun mutu ko ruwa maƙwabta basa miƙa masa da hannu, sai a tura da sanda. Ga shi gwamnati ta ba da umarnin ƙona gawarwaki a Monrobiya a watan Agustan shekarar saboda gawa ta fi yaɗa cutar, abin da ba al'adarsu ba, sai a ƙarshen shekara aka buɗe maƙabarta a Disco Hill kan hanyar filin jirgi. Yara da yawa a gidan nan ba kabarin da za a nuna musu.

Tsoron nan kuma bai fita jikinsu ba, na gani da idona. Wani dare wani ɗan yaro ya tashi da zazzaɓi mai zafi ya yi amai a tsakar ɗaki, kafin ka ce me duk yaran ɗakin sun watse waje cikin ruwan sama, manyan suna jan ƙanana, ba wanda ya yi ihu, sun dai tsaya can nesa suna rawar sanyi. Yaron kuma ya ja jiki ya koma lungu shi kaɗai don ya san abin da ake yi ma mai amai. Nas ɗinmu ta sa safar hannu ta ɗauke shi ta ɗora a cinya, ta huda yatsarsa ta gwada da ɗan abin gwajin nan, layi biyu suka fito, maleriya ce. Amma jikin ya yi tsanani har ya fara sanƙarewa, dole sai asibiti a Kakata, ga dare ga ruwa ga hanya ta lalace. Mai acaɓa ɗaya a ƙauyen ya yarda, nas ta goya yaron da zanena suka hau. Mu kuma muka tara yaran a zaure muka durƙusa, Ma tana addu'a da yaren Kpelle mu muna yi da Hausa, ba mai jin na wani, har gari ya waye. Da rana aka bugo waya ya farfaɗo ya nemi shinkafa. Ni dai na san hannun Ubangiji ne, don nas ɗin da bakinta tace da an ƙara jinkiri da wani labarin ake.

Aikin da Ma ta fi ba ƙarfi ashe ba tara yara bane, mayar da su ne. Tare da wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta gwamnati suke bin dangi ƙauye ƙauye. Ta tafi da ni gundumar Bong wurin kakar yarinyar nan mai tsince min yadi, don in auna 'yan'uwanta da ke can. Tsohuwa ce a ɗakin laka, tana da 'yar gonar rogo da shinkafar tudu, jikoki uku na hannunta. Da ta ga yarinyar sai ta tashi tana taka rawa a hankali tana waƙa tana kuka, yarinyar kuma da ban taɓa jin dariyarta ba ta shige bayan ɗaki da 'yan'uwanta sai ga shewa. Ma ta tambayi tsohuwar, in an biya makaranta an ɗinka yunifom an ba ki ɗan jari za ki riƙe ta? Aka fassara min amsar, tace 'yata, jinina ce, da ina da kuɗin makaranta da ko kwana ɗaya bata yi a wani wuri ba. A hanyar dawowa na yi lissafi a raina, kuɗin jirgina ni kaɗai zai biya ma yara da dama makaranta shekara guda suna ɗakin kakanninsu. Lissafin bai min daɗi ba, kuma har yau in wani ya ce min zai je mishan gidan marayu sai na tambaye shi me zai yi a can da 'yan ƙasar basa iyawa, in amsar ita ce wasa da yara da raba alewa da hoto, gara ya aika kuɗin ya zauna ya yi addu'a. Wasiƙar Yaƙub sura 1 aya 27 da muke yawan karantawa ta ce mu kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu, tare ta ambace su, mu kuma mun fi son mu ɗauke marayan mu bar gwauruwar da buhun gawayinta.

Saboda haka sauran lokacin sai muka canza tsarin aikin. Maimakon in zauna ni kaɗai ina ta zuba ɗinki, Ma ta kira manyan 'yan matan gidan da wasu iyaye mata har da mai gawayin nan, na fara koya musu. Daga taka keke ba zare, zuwa ɗinki a kan takarda don hannu ya miƙe, zuwa yanka da kalmasa da sa zif da maɓalli, da yadda ake sa ma keke mai da gyara bel in ya saki. Yunifom ɗin farko da suka ɗinka hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, muka farke muka sake, allura kam an karya ba adadi. Mai gawayin ce ta fi kowa kamawa, hannunta duk kanta amma idonta na awo daidai ne, in ta kalli yaro sai ta faɗi faɗin kafaɗarsa kafin in sa tef. Kafinta ma haka ya yi, ya ɗauki samari biyu suka hau rufin tare. Ranar 24 ga Agusta da suke bikin tutar ƙasa 'yan makaranta na fareti, wasu cikin yaranmu da sabon yunifom suka fita, ɗinkin iyayensu.

Ranar Lahadi kuwa sujadarsu ba a zama, ganga da caki na ƙwarya mai duwatsu, mu ma aka ce mu yi waƙa, ba tulun da muke bugawa a zumunta sai muka kifa bokiti muka yi ta Hausa, tsofaffi suka taso suna rawa. Bayan an tashi wani dattijo ya kama hannuna irin gaisuwarsu da ake ƙarasawa da ƙyasta yatsa, yace sojan Najeriya na ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOWAS, ne ya ɗauke shi a mota lokacin yaƙi ya tsira, wani kuma a gefe yace shi abin da ya gani a hannun sojojin daban ne, suka fara musu muka lallaɓa muka bar su. Kafin mu taso mun je Paynesville da ke gefen Monrobiya na ga harabar ELWA a bakin teku, da asibitinsu inda aka yi jinyar masu Ebola har Amurkawa 'yan mishan likita Kent Brantly da Nancy Writebol suka kamu a 2014, na ɗauko ma babana hoton allon tashar.

Tafiyarmu ba a yi wani biki ba, Ma ta riga ta sanar da yara tun da wuri ranar da za mu tashi, kullum da safe tana tuna musu. An yi addu'a, an gaisa, suka wuce makaranta mu muka hau acaɓa. Keken na bar shi can, a hannun mai gawayi yake da sharaɗin za ta koya ma wasu.

Da muka dawo muka ba da rahoto sai kwamitin mishan ya rabu biyu. Wasu dattawa suna so a tara kuɗi a gina sabon ɗakin kwana a sa allo da sunan ikkilisiyarmu, mu da muka je muka ce Ma bata nemi ɗaki ba, kuɗin makaranta da jari ta nema don yara su ragu a gidan. Wani dattijo yace to in yaran sun watse ƙauyuka me za mu nuna ma masu bayarwa? Baba Rabaran yace a nuna musu rasit. An dai tsaya a kan zumuntar mata ta riƙa aika kuɗin makaranta duk watan Agusta, maganar gini kuma aka ce a bari sai an sake zama. Korona ta zo a 2020 ta tsayar da tafiyar da aka shirya, ga canjin dala ya sa abin da muke aikawa ya ragu sosai ko da yake a naira ya ƙaru. Yarinyar nan tana wurin kakarta tana zuwa makaranta, yara mazan nan biyu sun koma ɗakin uwarsu, ita kuma yanzu ɗinki take a Kakata, takan turo min hoton aikinta ta WhatsApp ɗin faston in gyara mata, har yanzu wuyan riga na ba ta wahala. Ma ta tsufa, ƙafa na damunta, kuma ba a samu wanda zai karɓe ta ba, ga sauran yaran da ba a gano kowa nasu ba suna nan a hannunta, ku sa wannan a addu'a. Maganar ginin ma an sake tado ta a taron kwamiti na bana, ba a gama ba.